Na Zagaye Famfo da Tokar Murhu, Na Ce Maganin Maciji Ne

Gwaggo Indo,

Don girman Allah ki taimake ni, ki ba ni amsa a fitowar Alhamis ɗin nan, domin in ta wuce Asabar ban sani ba ko ina cikin masu karatu. Ba wasa nake yi ba. Ina rubuta miki wannan wasiƙa ne a lokacin hutun cin abinci a bayan masaƙar da nake aiki a Kakuri, da rana tsaka, kuma na ɗora ƙafafuna biyu a kan benci don ba na son su taɓa ƙasa. Ni magidanci ne ɗan shekara talatin da huɗu, ina da mata da 'ya ɗaya. Na sauya sunayen mutanen da zan ambata, don Allah ki bar su a haka.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai wasa da macizai ne a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Yana kama su, yana yawon kasuwanni da su a kwando, yana ba da maganin sara. Ina ɗan shekara bakwai ya yi mini tsaga uku a wuyan hannu ya goga wani baƙin gari, ya ce rigakafi ne, sauran sai na girma. Ina ɗan tara ya rasu, kawuna ya kawo ni Kaduna ya sa ni makaranta. To, tsagar nan uku ita ce iyakar gadona. Ban san ganye ɗaya ba, ban san yadda ake riƙe wuyan maciji ba, ban ma iya bambanta kububuwa da kasa ba.

Muna zaune a wani gidan haya a Makera, ɗaki goma sha ɗaya, Musulmi da Kirista, famfo ɗaya a bayan gida kusa da wani tsohon kwalbati. Shekara biyu da suka wuce, ina dawowa daga aiki da safe, na tarar da wani baƙin maciji a hanya, mota ta taka masa kai, har ƙudaje sun fara sauka. Na ɗauke shi da sanda na shiga gida da shi, don kawai in tsorata matata Rukayya. Mata suka watse da ihu. Maƙwabciyarmu Madam Martha, wata dattijuwa mai kiwon kaji, ta ga tsagar hannuna, ta tuna na taɓa ba su labarin mahaifina, sai ta shiga shela wai da hannu na kama shi. Gwaggo, kalma ɗaya ta isa in gyara maganar a ranar, amma ban gyara ba. Daga baya ma ni da kaina na riƙa ƙara gishiri. Tun ran nan sunana ya ɓace, sai dai Sarkin Macizai. Mai shayi kan ƙara mini madara, yara kan matsa mini hanya, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin abin ƙwarai.

Fim ne ya zo ya lalata mini komai. Akwai wani abokina Benson mai gidan kallo a bakin layinmu, rumfar kwano ce da bencina da talabijin. Farkon damina ya samo kaset ɗin wani fim na Turawa, labarin wani ƙaton maciji da ke zaune a tafkin bayan wani otal yana haɗiye baƙi. Gwaggo, duk wanda ya kalla ya san shirme ne. A wani wurin macijin bai fi turmi kauri ba, a wani wurin ya fi motar haya. Kukansa kamar hon ɗin tirela. Akwai inda ake ganin wayar da ake ɗaga masa kai da ita. Benson mutum ne mai son jarida, kullum bayan la'asar mai kawo jarida yakan ajiye masa ta Turanci da ta Hausa, shi kuma ya zauna a ƙofar rumfa yana karanta wa jama'a da ƙarfi. Ya karanto mana inda wani mai sharhin fina-finai ya ce a shekarar nan ba a yi fim mara kan gado irin wannan ba, macijin tiyon ban ruwa ne aka shafa wa fenti, kuma duk wanda ya tsorata da shi a duba lafiyarsa. Ɗaliban da ke haya a layinmu suka ce haka ne. Limaminmu ya ce ɓata lokaci ne.

Sai ka ce talla jaridar ta yi wa fim ɗin. Mutane suka cika rumfa har ana leƙe ta taga. Benson ya ce tun da sojoji sun koma bariki, shi ma gidan kallonsa dimokuraɗiyya ake yi, a ɗaga hannu a zaɓi fim. Mako shida ke nan macijin nan yana lashe zaɓe. Akwai waɗanda suka kalla sau goma, sun haddace inda zai fito, suna ƙirga masa ɗaya, biyu, uku. Mata sun ari kaset ɗin sun kalla a ɗakin Madam Martha, ihu da dariya har kan titi. Yara kuwa sai su jeru a cikin tsohon zane su ce su ne macijin.

Ni ban je ba sai da aka ja ni, wata Lahadi da rana. Aka ba ni bencin gaba, wai masani ya zo. To, a cikin fim ɗin akwai wani mafarauci mai tumbi, da sarƙar haƙora a wuya da usur a baki, yana cika baki wai shi ya gaji sirrin macizai daga kakansa, kowa ya kwantar da hankalinsa. Mutanen otal suka yarda da shi, suka koma wanka a tafki. Da macijin ya taso, mutumin ya busa usur, ya sake busawa, sannan na ga fuskarsa ta sauya, fuskar wanda ya san tun farko babu komai a hannunsa. Hularsa kawai ta rage a kan ruwa. Rumfar nan ta kece da dariya, har da masu faɗuwa daga benci. Wani ya buga mini kafaɗa ya ce, "Sarki, da kai ne ai da tuni ka sa shi a buhu, ko ba haka ba?" Na yi dariya tare da su. Kowa macijin roba yake kallo, ni kuwa fuskar mutumin nan nake kallo.

Tun daga ranar ban sake zama daidai ba. A wurin aiki na yi tsalle na buge gwiwa saboda tiyon wanke ƙasa. Igiyar shanya in ta faɗi sai gabana ya yanke. Ba na sa takalmi sai na kakkaɓe shi sau uku. Abinci ba ya shiga, Rukayya har ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce shawara ce ke damuna. Na sani sarai fim ne, na ga wayar da idona, amma zuciyata ta ƙi jin wannan magana.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura na ci gaba da kakkaɓe takalmi. Makonni uku da suka wuce ƙwan kajin Madam Martha ya fara ɓacewa, sai 'yan tsaki, sai kaza guda. Wani maƙwabci ya ce ya ga wutsiya tana shigewa kwalbatin bayan famfo, inda ciyawa ta yi tsawo. Da yake kowa ya ƙoshi da fim, kafin yamma macijin ya kai taɓarya, washegari ya kai falwayar lantarki. Iyaye mata suka hana yara zuwa wajen famfo, kuma wannan shi ne daidai. Sai aka zo gare ni.

Gwaggo, ga abin da ya fi ci mini rai. Na tuna mahaifina yakan barbaɗa wani gari a kewayen gida. Na ɗebi toka a murhun Rukayya, na haɗa da ɗan garin barkono, na fita gaban jama'a ina motsa baki kamar mai addu'a, na zagaye famfon da filin da yara ke wasa. Na ce musu babu macijin da zai tsallake wannan layi. Na yi haka ne don a ƙyale ni, ina zaton abin zai tafi da kansa. Madam Martha ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, Allah ne ya ajiye mana kai a gidan nan. Yanzu hankalina ya kwanta, Hadassah za ta iya fita." Hadassah jikarta ce, shekararta huɗu, ita da 'yata Halima ba sa rabuwa. Tun ranar su biyun suna can gindin famfo ba takalmi, suna dafa tuwon ƙasa a gwangwani. In ruwan sama ya wanke tokar, matan gida da kansu suke tuna mini in sabunta.

Shekaranjiya da hantsi na je sabuntawa, sai na ga saɓar maciji a gindin bokitin da yaran ke zama a kai. A cikin layin, Gwaggo, ba a waje ba. Ta fi tsawon hannuwana biyu in na buɗe su. Na tsaya ina kallonta, ban san ko ta mesa ce ko ta mai dafi ba, abin da mahaifina zai faɗa da kallo ɗaya. Na naɗe ta na cusa a aljihu, na jefa a shara a hanyar aiki, ban gaya wa kowa ba. Na ce wa Rukayya ta riƙe Halima a ɗaki wai tana mura. Amma Hadassah fa? Da wane baki zan hana ta, ni da na ce wurin ya tsaru?

Jiya kuma mai unguwa ya tara mu. Kaza ta sake ɓacewa, aka ɗaga hannu aka yanke cewa ranar Asabar da safe zan shiga kwalbatin in fito da shi. Akwai wanda ya ce a nemo mafarauta daga wajen Kakau, aka hayayyaƙo masa wai ga Sarki a gida. Benson ya ce zai rufe rumfa ranar, tun da za a ga na gaske kyauta. Na buɗe baki in yi magana, sai na ji kaina ina cewa Allah ya kai mu.

Yanzu gaba kura baya siyaki. In na shiga, wallahi tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba, ina ganin hulata a bakin kwalbati. In na faɗi gaskiya, ina zan sa fuskata a Makera? Rukayya tana alfahari da ni a gaban mata. Kuma sunan mahaifina za a zaga, a ce ashe duk ƙarya ce. Wani lokaci sai in ce ko tsagar nan tana aiki ne ban sani ba, in rufe ido in shiga. Wani lokaci in ce in gudu ƙauye sai bayan damina. Shin mahaukaci ne ni da fim ɗin da kowa ke yi wa dariya ya mayar da ni haka? Ki faɗa mini abin yi. Zan sayi jaridar a ƙofar masaƙa da sassafe ranar Alhamis.

Naki cikin firgici,
Mai Tsaga Uku, Makera

AMSA

Ɗana Mai Tsaga Uku,

Wasiƙarka ta iso ni ranar Litinin, na ture wasu guda huɗu da suka riga ta don ta fito yau. Zan fara da abin da ba ya jira: kada ka shiga kwalbatin nan. Ba ranar Asabar ba, ba wata rana ba. Kada kuma ka gwada tsagar hannunka da ranka. Mahaifinka da bakinsa ya ce maka sauran sai ka girma, wato shi ma bai ɗauke ta a matsayin ta isa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba mahaukaci ba ne kai. Ni ma jikokina sun sa ni na kalli fim ɗin nan, na yi dariya har da hawaye, kuma mai sharhin nan bai yi ƙarya ba, roba ce. Maƙwabtanka suna da damar yin dariya, don babu wanda ya ɗora rayuwarsa a kan maganarsu. Kai kuwa an nuna maka mutumin da ya ce wa jama'a su koma wanka, kuma ka gane shi. Wannan tsoro da kake jin kunyarsa shi ne abu mafi lafiya a duk wasiƙarka. Shekara biyu hankalinka yana barci a inuwar suna, fim ɗin banza ya zo ya tashe shi. Ka gode wa Allah da ya tashe ka da macijin roba.

Zan yi maka adalci. Ba kai ka ƙirƙiri sarautar nan ba, naɗa maka aka yi, kuma mutanen gidanku ma suna da nasu laifin. Sun fi son a ce ga mai magani da su ɗauki adda su sare ciyawa. Maraya da aka ce masa ya gaji ubansa, ba abin mamaki ba ne in ya kasa cewa a'a. Duk wannan na fahimta, kuma da a ƙarin madarar mai shayi abin ya tsaya, da na ce ka bar shi ya mutu da kansa.

Amma ranar da ka barbaɗa toka, ka tashi daga cika baki ka shiga wani abu dabam. Iyayen nan sun riga sun yi abin da ya dace, sun hana yara zuwa famfo, kai ka mayar da su. Sannan ka ga saɓa ka ɓoye, ka shigar da taka 'yar ɗaki ka bar ta Madam Martha a waje. Ba zan shafa maka mai a baki ba, ɗana, wannan ya yi muni, kuma na san ka sani, shi ya sa abinci ba ya shiga. Ka cika wasiƙarka da zancen Asabar da fuskarka, alhali Hadassah ba ta san da wata Asabar ba, yau ma za ta fita wasa. Gudu zuwa ƙauye kuwa zai tsirar da kai ne kawai, ya bar tokar tana yi musu ƙarya a madadinka.

Ga abin da za ka yi, kuma yau. Nemi izini a wurin aiki ka koma gida. Ka fara da Rukayya, a ɗaki, ka faɗa mata komai tun daga macijin da mota ta taka. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi kwana biyu ba ta dube ka ba, amma miji mai jin kunya ya fi mata miji a makara. Daga nan ka wuce ƙofar Madam Martha. Ba sai ka yi dogon bayani ba: toka ce, ba magani ba, ka ga saɓa a gindin bokiti, a janye yara. Sannan ka je wurin mai unguwa ka ce a dawo da shawarar mutumin da aka hayayyaƙo wa, a nemo waɗanda kama maciji ne aikinsu. Ku tafi tare wurin kansilan da kuka zaɓa, a zo a yashe kwalbatin, ai don irin wannan rana kuka yi layin zaɓe. Maza su sare ciyawar da rana, da takalman roba masu tsawo da dogayen sanduna, kada kowa ya cusa hannu a rami. A matsar da akurkin kaji nesa da famfo, don ƙwai ne ke kiran baƙon. In kuma, Allah ya kiyaye, aka sari wani, asibiti za a nufa kai tsaye, ba tsagawa ba tsotsa.

Za a yi maka dariya, kada ka yi tsammanin ba za a yi ba. Mutanen da suka yi mako shida suna dariyar tiyo ba za su bar ka ka wuce salin alin ba, kuma sunan Sarki zai bi ka da wata murya dabam. Ka daure, ka taya su in za ka iya, ka ɗauki adda ka shiga sahun masu sarar ciyawa. Dariya takan tsufa. Game da mahaifinka kuwa, ba gaskiyarka ce za ta zubar masa da suna ba. Shi ya san aikinsa, ajali ne ya hana shi koya maka, kuma faɗin haka ba zagi ba ne. Abin da zai jawo masa zagi shi ne a sari yarinya a cikin layin da aka ja da sunansa.

Saura magana ɗaya. Ka sauya sunaye, na bar su yadda ka roƙa. Amma gida nawa ne a Makera ke da famfo kewaye da toka, da Sarkin Macizai mai tsaga uku? Na yi tunanin in riƙe wasiƙar don in rufa maka asiri, sai na tuna ba ka ba ni wata hanyar samunka ba, kuma akwai yarinya a gindin famfo. Kai ka faɗa mini abokinka yana karanta wa jama'a jaridar Hausa da ƙarfi bayan la'asar. Yanzu safiya ce a hannunka, kana tsaye a ƙofar masaƙa. In suka ji daga bakin Benson, kai maƙaryaci ne da asirinsa ya tonu. In suka ji daga bakinka, kai ne maƙwabcin da ya janye yara daga bakin rami.

Naɗe jaridar nan ka kama hanya, ɗana. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya zuciyar Rukayya da ta Madam Martha, ya tsare Halima da Hadassah, ya jiƙan mahaifinka. Ka riga mai kawo jarida isa gida.

Taka,
Gwaggo Indo